Rana, kifi, ƙwaya ko allura: wanne za ka riƙe don bitamin D idan yanayi ya juya?

Ƙanwata da ta tafi karatu Mancesta ta kira ni cikin watan Fabrairu, wai ita dai tun da sanyi ya shigo jikinta ba daɗi, cinyoyi ba ƙarfi, hawa bene ya zama aiki, ta je an ɗebi jini an ce bitamin D ɗinta ya yi ƙasa sosai. A satin nan kuma gwaggonmu a Kano, wadda rana ke dukan kwanon gidanta tun safe har magariba, ita ma abin da likita ya gaya mata kenan. Sai 'yan gida kowa ya zama likita a waya, masu cewa a sha rana kawai ai kyauta Allah ya ba mu, masu cewa kifi da ƙwai, wani ya ce akwai allurar da ake yi sau ɗaya a huta, wata kuma har ta turo hoton kwalba an rubuta 50,000 a jiki wai ita take haɗiya duk safiya, wallahi nan ne hankalina ya tashi. Shi ya sa na zauna na jera hanyoyin nan ɗaya bayan ɗaya, don abin da ya dace da yarinyar da ke Ingila ba lallai ya dace da gwaggo ba, duk da cewa takardar asibitinsu kusan iri ɗaya ce.

Yadda abin yake a jiki

Bitamin D ba kamar sauran bitamin ba ne da sai an ci, fatarka ce ke haɗa shi idan wani ɓangare na hasken rana da ake kira UVB ya sauka a kanta. Daga fata ya wuce hanta ta juya shi, wannan juyayyen shi ake aunawa a gwajin jini, za ka ga an rubuta 25(OH)D a takarda, sannan ƙoda ta ƙarasa aikin ya zama wanda zai taimaki hanji ya tsotsi kalsiyam daga abinci ya kai wa ƙashi. In ya yi ƙaranci na tsawon lokaci ƙashin babba yakan yi laushi, ga ciwon baya da ƙugu, ga kasalar cinyoyi, mu kuma duk sanyi muke kiransa a wuce wurin.

Lambobin gwaji iri biyu ne kuma suna rikita mutane, wani asibitin ng/mL yake rubutawa wani nmol/L, 1 na farkon daidai yake da 2.5 na biyun. A Ingila ƙasa da 25 nmol/L shi ne ƙaranci, a Amurka kuma kwamitin masana a rahotonsa na 2011 ya ce 20 ng/mL, wato 50 nmol/L, ya wadatar da kusan kowa. Kar ka ga 22 ka firgita kafin ka duba wane ma'auni ne.

Abin da ke sa ya hau ya sauka da yanayi shi ne tsayin rana a sama. In ta yi ƙasa-ƙasa, UVB ɗin yakan ƙare a hanya kafin ya iso. Tun 1988 aka gwada a Boston aka ga daga Nuwamba zuwa Fabrairu fata ba ta haɗa komai, a Edmonton ta Kanada kuma tun daga Oktoba har Maris. Landan ta kusa kai wa Edmonton nisa daga tsakiyar duniya, tana kan digiri 51 da rabi, Kano kuwa digiri 12 ne, Damagaram da Maraɗi 13 da ɗoriya. Kuma abin da jiki ya tara ba ya zama, cikin sati biyu zuwa uku rabin wanda ke yawo a jini ya tafi, shi ya sa a ƙasashen sanyi mutane suke cika a Satumba su wayi gari a Maris tulu ya kusa ƙafewa.

Bayan yanayi akwai abubuwan da ke jikin mutum shi kansa. Baƙar fata tana tare UVB, abin da Bature zai samu a ɗan lokaci mu sai mun ninka sau uku har fiye. Fatar tsoho ba ta haɗawa kamar ta saurayi. Mai ƙiba kitsensa yakan riƙe bitamin ɗin ya hana shi yawo a jini. Sutura mai rufe jiki duka, zaman ofis ko kulle, ciwon hanta ko ƙoda, sai wasu magunguna da ke cinye shi da sauri, irin na farfaɗiya kamar phenytoin da carbamazepine, da rifampicin na tarin fuka. Ga Saudiyya nan da ƙasashen Larabawa na gefenta, rana kamar ta dafa ƙwai amma ƙarancin bitamin D ya yi musu katutu, saboda daga gida sai mota sai ofis duk cikin esi.

Ma'aunin da zan bi

Abu biyar zan duba a kowace hanya. Na farko kuma mafi nauyi a wurina, shin tana aiki a watan da kake buƙatarta, don hanyar da ke aiki a Yuli ta tsaya a Janairu ba ta yi wa na Mancesta komai ba. Na biyu kuɗi. Na uku ɗorewa, wato in ka tsaya yau har yaushe za ta riƙe ka. Na huɗu sauƙi, za ka iya bi kullum ko sati biyu za ka yi ka watsar. Na biyar haɗari. Ka kuma riƙe adadin da ake nema a ka don ka riƙa gwadawa: hukumar lafiyar Ingila NHS tana cewa maikrogram 10 a rana wato IU 400 (IU shi ne ma'aunin da za ka ga an rubuta a jikin kwalba), Amurka tana cewa IU 600 ga babba, 800 ga wanda ya haura shekara 70, kuma duka biyun sun yarda kar babba ya wuce IU 4,000 a rana in ba likita ne ya sa shi ba. Maikrogram 1 IU 40 ne.

Rana

Kuɗi dai babu, ko sisi. Kuma ba za ta taɓa yi maka yawa ta fuskar bitamin ba, in fata ta haɗa iya buƙata sai hasken da kansa ya riƙa lalata rarar. Toh amma ba a nan gizo ke saƙar ba, wace ranar? Mun taso ana ce mana hantsin sassafe shi ne mai bitamin D, har jarirai ake shanyawa ƙarfe bakwai. Gaskiya wannan lokacin akwai daɗi, musamman da sanyi ka samu jikin katanga ka jingina da kofin shayi, amma UVB ɗin kaɗan ne ƙwarai. Gwajin da ba ya buƙatar na'ura shi ne inuwarka: in ta fi ka tsawo, fatarka ba abin kirki take haɗawa ba, in ta gajarce ta koma ƙarƙashinka toh aiki ya kankama. A wajenmu wannan yana kamawa daga wajen ƙarfe goma zuwa uku, daidai lokacin da kowa ke neman gindin bishiya kenan.

A Kano ko cikin Disamba rana takan kai wajen digiri 55 a sama da azahar, inuwa ta gajarce, kenan duk shekara ƙofa a buɗe take. A Landan a wannan watan digiri 15 take tsayawa, ka fita da tsakar rana inuwarka kamar ta falwaya, kuma ba ta gajarta ta kasa tsayinka sai daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba. Kenan ga na can rana hanya ce ta rabin shekara, kuma ga mai baƙar fata da ke sanye da riga mai dogon hannu ko hijabi ko a rabin shekarar ma ba tabbas.

Mu ma namu yanayin yana taɓa ta, sai dai ba kamar nasu ba. Da hunturu hazo yana rage hasken, ga rigar sanyi da safa da hula har kunne, fatar da ke waje daga fuska sai tafin hannu. Da bazara, Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40 wa zai tsaya a rana da gangan? Da marka a Agusta hadari kan rufe sama kwana da kwanaki. Amma manomi, ɗan acaba, mai tallan ruwa, matar da ke shanya da surfe a tsakar gida, waɗannan ko ba su nema ba suna samu. Matsalar tana ga irin gwaggo: gidan zamani an rufe tsakar gida da rumfar kwano ruf, in za ta fita unguwa sai bayan la'asar cikin hijabi har ƙasa, a bayan mota. Gilashin taga da na mota kuma suna tare UVB, zama kusa da windo zafi kawai za ka sha.

Ta ɓangaren sauƙi, ga wanda ke da tsakar gida buɗaɗɗe abin ba wuya, a zauna da hannu da ƙwauri a buɗe na ɗan lokaci sau da yawa a sati, ba sai an gasu ba, kuma mace ba sai ta bar gidanta ba. Haɗarinta kuwa ga wasu mutane ba wasa ba ne. Zabiya kam sam kar ya ɗauki wannan hanyar, kansar fata ita ce babbar barazanarsu. Masu shafa man bilicin ma fatarsu ta riga ta yi rauni, rana ƙona ta za ta yi ta bar tabo. Sai masu ciwon da rana ke tayarwa kamar lupus.

Abinci

Wannan ita ce hanyar da mutane suka fi so a ce musu ta isa, ni kuma ita na fi shakka. Abincin da ke da bitamin D na kirki kaɗan ne, kuma tuwo da miyar kuka da shinkafa da wake da fura ba sa ciki. Ganye da 'ya'yan itace ma babu, duk da ana ta yawo da hotunan lemo da alayyahu a WhatsApp wai suna ba da shi.

Mai ɗauke da kaya shi ne kifin teku mai maiƙo. Titus ɗin nan na ƙanƙara, giram 100 ɗinsa yana iya ba ka wajen IU 600, kenan yanka mai kyau ɗaya ya biya buƙatar yini. Sadin na gwangwani wajen IU 190 a giram 100. Shawa ma tana da shi. Ƙwai ɗaya kuwa wajen IU 40 ne kuma duk a gwaiduwa yake, ka lissafa da kanka, sai ka ci ƙwai goma kullum kafin ka kai 400, wa zai iya, ko aljihun ma ai ba zai yarda ba. Hanta tana da ɗan kaɗan. Madarar shanu da nono yadda suka fito daga saniya ba su da wani abin a zo a gani, wadda ake cewa tana da shi ƙara mata aka yi a kamfani, kamar yadda doka ta tilasta a Kanada, Finland ma ta fara ƙarawa a madara tun 2003. A Najeriya abin da aka wajabta ƙarawa a man girki da sukari bitamin A ne, kar ka ga an rubuta bitamin a jarkar mai ka ɗauka D ne. Wasu madarar gari da bota ana sa musu D, sai ka juya gwangwanin ka karanta.

Sai man hantar kifi da iyayenmu suka sha da toshe hanci. Ƙaramin cokali ɗaya yana da wajen IU 450, ba laifi, amma cike yake da bitamin A, shi kuma in ya yi yawa yana iya cutar da ɗan tayi, don haka mai ciki ta bar shi, hanta ma ta yi hankali da ita.

Kyawun abinci shi ne ba ruwansa da hazo ko dusar ƙanƙara, Janairu da Yuli duk ɗaya, haɗari kusan babu, kuma kana samun wasu amfanin a tare. Aibinsa tsada, kifin ƙanƙara daga waje ake shigo da shi, dala ta motsa ya motsa, gidan mutum goma kuma yanka nawa zai kai kan kowa? Kuma in jini ya riga ya yi ƙasa sosai abinci shi kaɗai da wuya ya ɗago shi, riƙe mai lafiya ya iya.

Wani abu da nake so a sani a nan, ba duk ciwon ƙashi ne na bitamin D ba. Binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 kan yaran da ƙafarsu ta lanƙwashe ya nuna kalsiyam ne ya fi yi musu ƙaranci, kuma waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa a kan waɗanda aka ba bitamin D zalla. Yara ne aka duba ba manya ba, amma abincin gidan ai ɗaya ne. Toh nono, kindirmo, wara, ƙananan kifin da ake ci da ƙaya, kar a raina su.

Ƙaramar ƙwaya ta kullum

Ina nufin mai IU 400 zuwa 1,000, ko 2,000 ga wanda likita ya ga ya dace. Mai 400 ɗin ce NHS ke cewa kowa a Ingila ya yi tunanin sha daga Oktoba zuwa Maris, amma mai asalin Afirka ko kudancin Asiya, da mai rufe jiki, da wanda ba ya fita, su sha duk shekara. Ƙanwar tawa ta faɗa cikin biyu daga ukun nan kuma ba wanda ya gaya mata kafin ta tafi, kayan sanyi da yaji da daddawa kawai aka cika mata akwati.

Iri biyu za ka gani a kamis, D2 da D3. D3 ya fi ɗaga jini kuma ya fi daɗewa, in da zaɓi shi za ka ɗauka. Yawanci daga maiƙon gashin tumaki ake samo shi. Inda Musulmi zai lura shi ne kwanson, irin mai taushin nan mai kama da ƙwan kifi da jelatin ake yinsa, jelatin kuma yana iya zama na alade musamman a Turai, don haka ko ka nemi mai tambarin halal, ko busasshiyar ƙwaya, ko na ɗigawa, ko wanda aka yi wa masu ƙin cin nama. Ana shan sa da abinci mai ɗan maiƙo don ya fi shiga jiki, da azumi sai a haɗa da buɗa-baki ko sahur.

Kuɗi: a Ingila fam kaɗan zai saya maka ta wata da watanni in ka ɗauki ta kantin da kansa ba mai babban suna ba, kuma aikinsu ɗaya. A gida ta fi nauyi tunda daga waje take zuwa, amma in ka raba kuɗin kwalba da kwanakin da za ta yi har yanzu ta fi titus kullum araha nesa ba kusa ba. Abin tsoro a gida shi ne jabu da wadda ta sha rana a shago, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka bar na cikin bas da na 'yan talla a intanet masu cewa tana maganin komai.

Don ba ta maganin komai ɗin. Wani babban gwaji a Amurka mai suna VITAL, mutum sama da 25,000 aka bi shekaru ana ba rabinsu IU 2,000 kullum, da sakamako ya fito a 2018 ba ta rage kansa ko ciwon zuciya ba, a 2022 kuma aka ga ko karaya ba ta rage ba, saboda yawancinsu dama ba su da ƙaranci. Ga mai ƙaranci take aiki. Wanda tulunsa ke cike ƙarin guga ba ya ƙara masa komai.

Rauninta mantuwa. Ba ta aiki yau-yau, sai ta yi wata biyu zuwa uku kafin jini ya daidaita, mutum ya sha sati biyu bai ji canji ba ya jefa ta lokar gado. Ni dai kusa da gwangwanin sukari nake cewa a ajiye, inda hannu zai kai duk safiya. Haɗari a wannan adadin ƙanƙani ne, sai dai mai tsakuwar ƙoda, ko ciwon ƙoda, ko wanda kalsiyam ya taɓa yi wa yawa a jini, ya fara tambayar likita.

Babbar ƙwaya ko allura

Nan ne mai 50,000 ɗin nan ta shigo. Magani ce ta gaske kuma tana da wurinta: wanda gwaji ya nuna ya yi ƙasa sosai, likita kan ba shi guda ɗaya a sati na wajen sati shida, jimla wajen IU 300,000, daga nan a sauko zuwa ƙaramar ta kullum. A sati fa, ba a rana ba. Wadda ke haɗiyar ta duk safiya tana shan ninki goma sha biyu da ɗoriya na iyakar da aka gindaya, kuma shi bitamin D a kitse yake taruwa, ba ya bin fitsari kamar bitamin C. In ya yi yawa kalsiyam ya cika jini, sai tashin zuciya, amai, ƙishirwa, fitsari ba ƙaƙƙautawa, ruɗewa, tsakuwa, har ƙoda ta iya taɓuwa, garin neman gira a rasa ido kenan. Mun samu ta daina ta je aka duba ta, alhamdulillahi.

Allurar kuma an fi ajiye ta ga wanda hanjinsa ba ya tsotsar abinci da kyau, ko aka yi masa tiyatar ciki, ko wanda aka san ba zai sha ƙwaya ba ko an ba shi. Tana ɗorewa watanni, wannan shi ne daɗinta, amma in ta yi yawa ba a iya zaro ta. Kuma tunanin a yi sau ɗaya a huta har shekara an gwada shi, a Ostireliya aka ba tsofaffin mata IU 500,000 sau ɗaya a shekara, sakamakon da ya fito a 2010 ya nuna faɗuwa da karaya ƙaruwa suka yi maimakon raguwa.

Kuɗinta ba a maganin yake ba, a gwajin yake da ganin likita, gwajin nan ba kowane asibiti ke yi ba kuma ba shi da araha. Amma shan ta ba gwaji harbi ne a duhu.

Akwai kuma gadon fitilar nan da Turawa ke shiga don fatarsu ta yi duhu, na ji wani ɗalibi yana tambaya ko zai maye rana da hunturu. A'a. Yawancin haskensa UVA ne wanda ba ya haɗa bitamin D, kuma tun 2009 hukumar binciken kansa ta WHO ta sa shi a sahun farko na masu jawo kansa. Ban ma sa shi a tebur ba.

| Hanya | Aiki da yanayi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Rana | A gida duk shekara, a Turai da Kanada rabin shekara | Kyauta | Makonni zuwa 'yan watanni | Sai da fili da lokaci | Ƙuna, babba ga zabiya |
| Abinci | Kowane wata | Mai tsada in kullum ne | Sai an ci gaba da ci | Ya danganta da cefane | Kaɗan, mai ciki ta guji man hantar kifi |
| Ƙaramar ƙwaya | Kowane wata | Araha zuwa matsakaici | Muddin ana sha | Mai sauƙi in ba mantuwa | Kaɗan, sai jabu |
| Babbar ƙwaya ko allura | Kowane wata | Tsada saboda gwaji | Watanni | Sai da likita | Babba in an yi gaban kai |

Toh wa zai ɗauki wanne

In kana gida ko Nijar ko Gana ko Sudan kuma aikinka ko zirga-zirgarka na sa ka shiga rana tsakanin goma da uku, ka riƙe kuɗinka, ka sayi kifi da nono da su. Ba ka buƙatar kwalba, ko da hazo.

In kina kulle, ko takaba, ko aikinki daga gida sai ofis, ko kai ma'aikacin banki ne da ke shiga bakwai ya fito bayan magariba, fara duba gidan: akwai inda rana ke sauka tsakanin goma da uku? In akwai, zama can sau uku ko huɗu a sati da hannu da ƙafa a buɗe, a haɗa da kifi. In babu, ko an san ba za a yi ba, ƙaramar ƙwaya ta IU 400 zuwa 1,000. Gwaggo da ta haura sittin ga ƙiba ga ciwon gwiwa, likita babbar ya fara ba ta ta sati-sati tunda gwajinta ya yi ƙasa, yanzu tana kan ƙaramar, kuma an cire falle biyu na kwanon rumfar nan ta gefen madafa, can take zama tsinkar zogale.

In kana Ingila, Jamus, Kanada, arewacin Amurka, Rasha ko Turkiyya wajen Istanbul, kar ka tsaya jayayya, ƙaramar D3 kullum, kuma da irin fatarmu duk shekara ba hunturu kaɗai ba. Ka fara tun Satumba in sabon zuwa ne, kar ka jira sai cinyoyi sun gaya maka. Zuwa hutun sati uku gida a Disamba yana taimakawa amma ba zai kai ka Afrilu ba.

Mai ciki da mai shayarwa, IU 400 kullum shi ne abin da NHS ke cewa, ki duba maganin awon da aka ba ki wataƙila yana ciki, kar ki ninka ba ki sani ba. Zabiya da mai matsalar fata, ƙwaya da abinci, rana kuma a ci gaba da guje mata. Mai shan maganin farfaɗiya ko na tarin fuka, mai ciwon ƙoda ko hanta, da wanda ƙashinsa ke ciwo har tashi daga tabarma sai da dafa bango, waɗannan gwaji tukuna, don adadin da zai ishe su ba na jikin kwalba ba ne, mai ciwon ƙoda ma wani lokacin wani nau'in daban ake ba shi wanda an riga an juya, tunda ƙodar ba ta iya ƙarasa nata aikin.